Layin Trendline ba nazariyya ba ne, a daina yi mana kwalliya da shi

1/ Yau zan sosa wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi, kuma na san wasu abokan aikina ba za su ji daɗi ba. Maganar giraf ce. Wanda ɗalibanmu na kimiyya da injiniyanci suke zanawa a Excel, su liƙa a rahoton firaktikal ko furojet, su rubuta a ƙasa wai "sakamakon gwaji ya dace da nazariyya". Zare ne, ku gyara zama.

2/ Mafi yawan waɗanda ke zuwa teburina, nazariyyar ma babu ita a cikin zanen. An yi tuya an manta da albasa. Ɗigo shida ne ko bakwai, sai wani layi ya ratsa ta tsakiyarsu, sai a gefe an rubuta R² = 0.99. Shi ke nan an gama, a ba da maki.

3/ Wannan layin daga ina ya fito? Daga maɓallin da aka rubuta wa Add Trendline. Aikinsa ɗaya ne tal: ya dubi ɗigon da ka ba shi, ya nemo layin da ya fi kusa da su. Ɗan amshin Shata ne. Duk abin da alƙalumanka suka rera shi zai amsa. In ka ba shi ƙarya, zai ja mata layi mai kyau.

4/ Layin nazariyya kuwa daban yake. Shi da'awa ce da aka yi tun kafin ka taɓa agogo ko ma'auni. Yana cewa: in ka'idar nan gaskiya ce, ga inda ɗigonka ya kamata su faɗo. Bai san me ka auna ba, bai kuma damu ba. Shi ya sa yake iya ƙaryata ka, kai ma kake iya ƙaryata shi.

5/ To ka ga wanda ya haɗa ɗigonsa da layin da aka haifa daga cikin ɗigon, ya ce sun dace, kamar mutum ne ya kawo ɗansa na cikinsa shaida a kotu. Dama me kake jira yaron ya ce?

6/ Bari mu ɗauki gwajin da kowa ya sani tun sakandare: fendulum. Zare, da ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙasa, yana lilo. Ka'idar ta ce lokacin zuwa da dawowa ɗaya shi ne T = 2π√(L/g). L tsawon zaren, g ƙarfin jan ƙasa. Babu wani ɓoyayyen abu. Ka ba ni L da g, in faɗa maka T ina zaune a gida.

7/ Da g = 9.78, ga abin da lissafi ya bayar. Santimita 20: daƙiƙa 0.90. 30: 1.10. 40: 1.27. 60: 1.56. 80: 1.80. Mita 1: 2.01. Waɗannan ba awo ba ne fa, tsantsar lissafi ne, babu kuskuren hannu ko na ido a ciki. Kowa na iya gwadawa a wayarsa yanzu.

8/ Yanzu zuba su a Excel, ka ce ya ja maka miƙaƙƙen layi ta cikinsu. Ka san R² nawa zai ba ka? 0.989. Wato 0.99 in an taƙaita. Alhali dangantakar T da L ba miƙaƙƙiya ba ce sam, lanƙwasa ce. Siffar da ba daidai ba, amma lambar da ake tafa mata.

9/ Ka tambayi wannan miƙaƙƙen layin: zaren da ba shi da tsawo ko kaɗan fa? Zai ce maka yana lilo cikin daƙiƙa 0.68. Zaren da babu shi! Ka ce na mita 4 fa? Zai ce 6.2, alhali amsar 4.0 ce. Wannan shi ne layin da ake sa hannu a kansa a ce ya tabbatar da ka'ida.

10/ Ba ni na fara wannan ƙorafin ba. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya tsara rukunin alƙaluma huɗu, kowane da ɗigo 11. Matsakaicinsu ɗaya, layinsu ɗaya, y = 3 + 0.5x, R² ɗinsu kusan 0.67 duka. Da aka zana su sai ga huɗu daban-daban: ɗaya warwatse, ɗaya lanƙwasa, biyu kuma ɗigo guda ne ya janye layin.

11/ Sama da shekara hamsin ke nan, amma har yau a zauren kare furojet tambayar farko ita ce "nawa ne R² ɗinka?" Haba malamai.

12/ Akwai kuma 'yan wayo. In miƙaƙƙen layi bai kai 0.99 ba, sai su koma Polynomial, su yi ta ƙara mataki. Excel yana bari har mataki na 6. In ɗigonka bakwai ne, mataki na 6 zai bi ta kan kowane ɗaya, R² ya zama 1 cif. Ko lambobin motocin da ke tasha ka zuba masa, haka zai yi. Ba abin da ka gano, zare kawai ka ɗaura wa ƙusoshi.

13/ Kada wani ya ce na haramta Trendline. Yana da gurbinsa. In ka'ida ce ta ba ka siffar layin, kai kuma kana neman wata lamba a ciki, daidai ne. Misali ka zana T² a kan L, ka'ida ta ce miƙaƙƙe ne, gangararsa 4π²/g, wajen 4.04. Daga nan ka fitar da g. Amma ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa layin daidaitawa ne. Kada ka sa masa rawanin da ba nasa ba.

14/ Abin takaicin, yin abin daidai ba ya cin minti goma. Bari in faɗa, don kada a ce na yi faɗa ban koyar ba.

15/ Farko, nau'in zanen. Ka zaɓi Scatter, ba Line ba. Sunan Line ne yake yaudarar mutane, suna ganin ai layi suke so. Shi Line bai ɗauki lambobin ƙasa a matsayin lambobi ba, sunaye yake ɗaukarsu, kamar Litinin, Talata, Laraba. Tazara ɗaya yake ba su duka.

16/ Ka tuna tsawon zarenmu: 20, 30, 40, sai 60, 80, 100. A Line, tazarar 30 zuwa 40 daidai take da ta 40 zuwa 60. Sai ka ga layin ya yi gwiwa a kan 40, kamar wani abu ya faru a wurin. Na sha karanta sakin layi guda ana bayanin dalilin wannan gwiwar, har da ɗora laifi kan iska. Ba iska ba ce, zaɓin zane ne.

17/ Na biyu, layin nazariyya yana da nasa ginshiƙan daban. Kada ka lissafa shi a kan maki shidan da ka auna kawai, in ba haka ba zai fito a karye kamar rufin kwano. Ka buɗe sabon ginshiƙi, ka jera tsawo daga 0.05 zuwa 1.10, kana ƙara 0.01 ko 0.02. Gida hamsin ko ɗari, ja ɗaya ne da linzami.

18/ A gefensa ka rubuta =2*PI()*SQRT(D2/$G$1), ka ja ƙasa. Ƙimar g ta zauna a gida ɗaya, G1, da alamar dala don kada ta zame in ka ja. Amfanin haka: in ka canja g, layin gaba ɗaya zai motsa a gabanka, ka ga da idonka yadda 9.78 da 10 suka bambanta.

19/ 'Yan uwanmu na Nijar masu Excel na Faransanci, ku SQRT ɗinku RACINE ne, kuma waƙafi kuke sawa a gurbin ɗigo, 9,78. In an turo muku fayil daga Najeriya kuka ga lambobi sun manne a hagun gida, kwamfutar ta ɗauke su rubutu ne, ba lamba ba. Zanen zai fito a hargitse. Ku fara gyara wannan.

20/ Daga nan Select Data, sai Add, ka shigar da ginshiƙan nan biyu a matsayin jeri na biyu. Google Sheets da LibreOffice ma suna yi, wurin dannawa ne kawai ya bambanta. Sai ƙa'idar da ba na sassautawa: abin da aka auna ɗigo ne babu layi. Nazariyya layi ce babu ɗigo. Mai karatu ya gane wane ne wane daga kallo ɗaya.

21/ Don me na hana haɗa ɗigon awo da layi? Saboda tsakanin santimita 40 da 60 ba ka auna komai ba. In ka ja layi a wurin, ka yi shaidar abin da ba ka gani ba. Mafi muni shi ne mai santsin nan, Smooth Lines. Yana ƙirƙiro tudu da kwari da babu su a alƙalumanka, don kawai zanen ya yi kyau a ido.

22/ Na uku, sandunan kuskure. Ɗigo ba tare da su ba rabin magana ne. Ka ce T = 2.03, ka'ida ta ce 2.01. Sun dace ko ba su dace ba? Babu mai iya amsawa sai ya san iyakar kaifin awonka. In kuskurenka 0.05 ne, sun dace. In 0.005 ne, akwai magana.

23/ A nan ma akwai tarko. In ka danna Error Bars ka bar Excel ya zaɓa maka Standard Error ko kashi 5 cikin ɗari, ya yi maka ado ne kawai. Bai san agogonka ba, bai san hannunka na rawa ba. Ka je Custom, ka nuna masa ginshiƙin da kai ka lissafa.

24/ Yaya ake lissafawa? Yatsan ɗan Adam yana makara wajen daƙiƙa 0.2 a danna agogo. In ka ƙirga lilo 20 ka raba, kuskuren lilo ɗaya ya koma wajen 0.01. A kan T na daƙiƙa 2, rabin kashi ɗaya ke nan cikin ɗari. Da yake g ya dogara da T², kuskuren ya ninka, ya zama kashi 1. Wato g ɗinka zai iya faɗowa ko'ina tsakanin 9.7 da 9.9, kuma ka yi aiki mai kyau.

25/ Shi ya sa in yaro ya kawo mini g = 9.81 cif, ɗigo shida duk a kan layi kamar sahun salla, da agogon waya da zaren ɗinki, ba na jin daɗi. Gabana faɗuwa yake. Biri ya yi kama da mutum. Galibi daga amsa aka faro, aka yi lissafi da baya aka samo "awon".

26/ Ga abin dariyar ma: 9.81 ba namu ba ne. Na yankunan da ke tsakiyar Turai ne da makamantansu. Jan ƙasa yana raguwa in kana kusantar tsakiyar duniya, daga wajen 9.83 a ƙuryar arewa zuwa 9.78 a kan layin ikwaita. Kano tana wajen digiri 12 ne, saboda haka namu kusan 9.78 ne. Mai dafa lamba ko amsar garinsu bai dafa ba.

27/ Kun san yadda aka gano wannan? A 1672 Faransa ta tura masanin taurari Jean Richer zuwa Kayen, a gaɓar Amurka ta Kudu, kusa da ikwaita. Agogonsa mai fendulum, wanda aka saita a Paris, ya riƙa makara wajen minti biyu da rabi kullum. Sai da ya rage tsawon fendulum ɗin da kusan milimita 3 kafin ya daidaita.

28/ Bai ɓoye ba, ya rubuta. Newton ya ɗauki wannan saɓanin a littafinsa na 1687, ya kafa hujja da shi cewa duniya ba ƙwallo ce cif ba, ta ɗan kumbura a tsakiya. Da Richer ɗalibinmu ne, wallahi da ya gyara lambobin a daren da zai miƙa rahoto, ya ci makinsa ya tafi.

29/ Kepler ma haka. Ya yi shekaru yana gina tsarin tafiyar duniyar Mars a kan da'ira. Ya kusa dacewa da awon Tycho Brahe, saura minti 8 na kusurwa, kwatankwacin rubu'in faɗin wata in ka kalle shi a sama. Ya san awon Tycho ya fi haka kaifi, sai ya yar da da'irar. A 1609 ya fito da cewa hanyar mai siffar ƙwai ce. Da R² aka auna shi, da ya wuce 0.99 tun a da'irar.

30/ Wannan ya kawo ni kan ginshiƙin da kusan babu mai sawa, alhali ya fi zanen kansa amfani: rata. Awo a debe nazariyya, ɗigo bayan ɗigo. Ka zana shi a ƙaramin giraf a ƙasan babban, da layin sifili a tsakiya. Babban zane yana ɓoye aibi saboda ma'auninsa faɗi ne da shi. Ƙaramin ba ya rufa wa kowa asiri.

31/ In ratar ta warwatsu sama da ƙasa babu tsari, cikin iyakar sandunan kuskure, alhamdulillahi. In ta yi tsari, ruwa ba ya tsami banza. A miƙaƙƙen layinmu na ɗazu: ƙasa da 0.06 a farko, sama da 0.05 a tsakiya, ƙasa da 0.05 a ƙarshe. Baka ce sosai, kuma ninki biyar na kuskuren agogo. Ita ke gaya maka siffar layin ce ba daidai ba.

32/ Wani misalin. Ka auna zaren zuwa saman dunƙulen, ka manta tsawon yana kaiwa har tsakiyarsa. A ce ka rasa santimita 2. Duk ɗigonka za su hau saman layin nazariyya: 0.04 a gajeren zare, 0.02 a dogo. Ɗan amshin Shata ba zai taɓa gaya maka ba, shi ma hawa zai yi ya bi su. Layin nazariyya ne kaɗai zai tsaya inda yake ya nuna maka.

33/ A zanen T² kuwa, wannan kuskuren yana fitowa a inda layin ya yanki sandar tsaye: 0.08 maimakon sifili. Ka raba da gangara, santimita 2 ɗinka ta dawo. Ka ga zanen ya kama maka ɓarawo har da adadin abin da ya sata.

34/ Amma me ake koya wa yara? Wai a danna Set Intercept a sa sifili, "saboda ka'ida ta ce ta sifili yake wucewa". Da ka yi haka ka goge shaidar, kuma gangarar ta karkace, g ya faɗo wajen 9.5. Sai a rubuta a ƙarshen rahoto: "kuskuren ɗan Adam da juriyar iska". Jimlar da ake gado daga aji zuwa aji kamar tsohuwar riga.

35/ Ita kanta ka'idar tana da iyaka, kuma wannan ya kamata a gani a zane. T = 2π√(L/g) ta ƙaramin lilo ce. A digiri 10 ƙarin bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba. A digiri 30 ya kai 1.7. A 60 ya haura 7. A 90, kashi 18. Yaron da ya ja zaren da ƙarfi ya samu g = 9.45 bai yi ƙarya ba. Ya taka inda ka'idar ta ƙare ne, kuma wannan darasi ne da ya fi 9.81 daraja.

36/ Yanzu in juyo kanmu, masu jan biro. Yaran nan ba wawaye ba ne. Sun karanci kasuwa ne. Sun ga wanda ya kawo 9.81 ya ci maki tara cikin goma, wanda ya kawo 9.5 da gaskiyarsa an ja masa jan layi an rubuta "sake". Mako mai zuwa me kake tsammani? Mu muka sa farashi a kan ƙarya, su kuma suka kawo kaya.

37/ Kuma kada mu ɗauka cutar yara ce kawai. Millikan ya auna cajin ilektiron, lambarsa ta 1913 ta yi ƙasa da ta gaskiya da kusan kashi 0.6 cikin ɗari, saboda ƙimar kaurin iskar da ya yi amfani da ita ba daidai ba ce. Feynman ya ba da labarin a jawabinsa na Caltech a 1974: waɗanda suka biyo baya ba su yi tsalle zuwa amsar daidai ba, rarrafawa suka yi.

38/ Dalili? Duk wanda ya samu lamba nesa da ta Millikan sai ya zargi kansa, ya yi ta neman laifi har ya samu hujjar yar da ita. Wanda ya samu kusa kuwa ba ya bincike. Manyan masana ke nan, ba tare da barazanar faɗuwa jarrabawa ba. Ina ga ɗan aji ɗaya da ke tsoron maimaita kwas?

39/ Na san amsar da za a ba ni: kayan aiki sun tsufa, wuta babu, ɗalibai sun fi benci yawa, mutum goma a kan zare ɗaya. Duk gaskiya ne, ina ciki. Amma tsohon kayan aiki dogayen sandunan kuskure yake haifarwa, ba ƙarya ba. Ka zana su da tsawonsu. Rahoton da ya ce 9.6 ± 0.3 ya fi mini wanda ya ce 9.81 babu ko ɗigon shakka.

40/ Wani kuma zai ce ai a takardar giraf ma layin da ya fi dacewa muke ja da rula, me ya canja? Abin da ya canja shi ne uzuri ya ƙare. Da hannu, lissafa maki ɗari na lanƙwasa aikin yini ne. Yanzu ja ɗaya ne. Kwamfuta ta sauƙaƙa abu biyu lokaci guda, gwada ka'ida da yi mata kwalliya, mu kuma muka rungumi na biyun.

41/ Sai masu kai aikin shagon kwamfuta a bakin makaranta, a ce "a yi mini giraf mai kyau". Mai shago ba shi da laifi, kyau aka ce masa. Zai sa launi, ya sa inuwa, wani har ya mai da shi mai tudu uku kamar tallan siminti. Sandar ƙasa babu suna, babu ma'auni. Mita ne? Santimita? Allah masani.

42/ In kuna son ganin yadda abin yake in an yi shi da gaske, ku nemi zanen tauraron COBE. An harba shi a Nuwamba 1989 don auna hasken da ya rage daga farkon sararin samaniya. A Janairu 1990 John Mather ya nuna zane ɗaya a taron masana taurari na Amurka: layin ka'idar Planck ta 1900, da ɗigon awo a kansa, zafi wajen digiri 2.7 a ma'aunin Kelvin. Zauren ya miƙe yana tafi.

43/ Me ya sa suka tafa? Saboda siffar layin ta girmi na'urar da kusan shekara 90, ba a lanƙwasa ta don ta bi ɗigon ba. Abu ɗaya aka daidaita, zafin. Ɗigon na da damar su bauɗe, ba su bauɗe ba. Mather da George Smoot sun karɓi kyautar Nobel a 2006. Da layin Polynomial ya nuna musu, ko mai shara ba zai ɗago kai ba.

44/ Ga abin da nake nema a wurin duk wanda zai miƙo mini aiki, kuma ina roƙon sauran malamai su gwada ko zango ɗaya ne. Fayil ɗin kansa, ba hoton zane ba. In danna gida in ga lissafin da ke ciki. In ga asalin lokacin lilo 20 kamar yadda aka karanta a agogo, kafin a raba. In ga daga ina aka samo kowace lamba da ke cikin layin nazariyya.

45/ Neman fayil ba raini ba ne. A 2013 wani ɗalibin digiri na uku a Amurka, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗin Excel na Reinhart da Rogoff, manyan masana tattalin arziki na Harvard, kan bincikensu na 2010 game da bashin ƙasashe. Ya tarar lissafin matsakaici ya tsallake ƙasashe biyar. In nasu ya buƙaci a buɗe, naka da nawa fa?

46/ Kuma makin ya koma kan bayanin rata, ba kan kusanci da amsar littafi ba. Wanda ya samu 9.5 ya nuna mini a zane cewa tsakiyar dunƙule ya manta, ya ci cikakken maki. Wanda ya samu 9.81 ya kasa faɗa mini kuskuren agogonsa, mu koma ɗakin gwaji tare ya maimaita a gabana.

47/ Masu cewa wannan duk hayaniya ce a kan zare da ƙarfe, ku zo mu je bakin rijiyar burtsatse. Bayan an haƙa, ana gwajin janye ruwa: a kunna famfo, a riƙa auna yadda ruwan ke sauka da lokaci. Sai a ɗora awon a kan lanƙwasar Theis, ka'idar da Charles Theis ya fitar a 1935. Aikin ɗaya ne da na fendulum: ɗigo, da layi.

48/ Ka'idar Theis ta ɗauka cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya shimfiɗu ba iyaka, ko'ina iri ɗaya. In ɗigon ƙarshe suka nuna ruwa na sauka a hankali fiye da layin, akwai inda yake samun ƙari, wataƙila kogi ko wani rufin ruwa a sama. In suka nuna yana sauka da sauri fiye da layin, an ci karo da bango, dutsen da ruwa ba ya ratsawa. Taskar ƙarama ce.

49/ A yankunan da ƙasansu dutse ne, kamar yawancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina, ruwan a cikin tsagar dutse da ruɓaɓɓen samansa yake zama, saboda haka cin karo da bango ba baƙon abu ba ne. Wannan baudewar ta ƙarshe ita ce ke faɗa maka girman famfon da za a sa, da awa nawa za a riƙa kunna shi a rana.

50/ Kuma ba ta fitowa da wuri. Shi ya sa ake son gwajin ya kai awa 24, wani lokaci har 72. Wanda ya kashe janareta bayan awa biyu don tsimin man dizal zai samu ɗigo masu kyau, duk a kan layi. Wanda ya kai ƙarshe, ya ga ɗigo huɗun baya sun bauɗe ya goge su, shi ma zanensa zai yi kyau. A sa babban famfo, a yanka kintinkiri, a watan Afrilu mata su dawo da jarkokinsu bakin tsohuwar rijiya.